Gyaran Bidiyon Inna a Gaban Shaidu

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Daura, mutanen gidanmu suka ajiye sunana suka koma ce mini Injiniya. Gaskiya ne lantarki na karanta, takardar shaida ma tana cikin akwatina, amma a shekaru biyar da na yi a jami'a ban taɓa gyara wani abu da ya lalace ba. Mun zana, mun lissafa, mun rubuta jarrabawa a kan na'urorin da aka ce suna cikin kabad ɗin ɗakin gwaji, wanda mai riƙe da makullinsa ya yi ritaya. Ban ce laifin makarantar ba ne. Wataƙila ni ne ban nace ba.

Inna ce kaɗai ba ta ce mini Injiniya. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ta kama laƙabina ba. "Kai" take cewa. Wata safiya a ƙarshen bazara ta ce, "Kai, zo ka ɗauke wannan," ta yaye ƙyallen da ke kan tsohon akwatin bidiyonta, irin mai cin kaset ɗin nan, wanda ya girme ni.

Inna tana da ƙanne biyu maza. Kawu Babba fataucin dabbobi yake yi, Kawu Ƙarami kuma malami ne, yana karantarwa a zauren gidansa. Mahaifinsu, wato Kaka, ya raba musu gonarsa ta garin Babban Mutum tun yana raye, aka dasa gamba a tsakani. Shekaru suka ja, shanu suka ci gambar, wuta ta ƙarasa sauran, Kaka ya rasu. Sai aka wayi gari akwai wani tsiri, faɗinsa bai fi taku goma sha biyu ba, a gindin wata ɗorawa, kowa yana cewa nasa ne. Tun kakar bara ba sa gaisawa sai ta bakin wani. Kawu Ƙarami ya riga ya furta a gaban mutane cewa in ruwan shuka ya sauka ba a warware ba, gaban alƙali za su. Inna ta ce ranar da ƙannenta, ciki ɗaya, suka tsaya gaban alƙali a kan taku goma sha biyu, ita da shiga gidan biki ko suna a garin nan har abada.

Akwai shaida, wai. Ranar rabon Kawu Babba ya ɗauko mai bidiyo daga gari, aka ɗauki komai. An kalli kaset ɗin sau ɗaya a wancan zamani, gida cike da jama'a, kowa yana neman fuskarsa, ba wanda ya riƙe abin da aka faɗa. Da rikicin ya taso Inna ta lalubo shi ta tura cikin akwatin. Akwatin ya haɗiye, ya mutu da shi a ciki.

Na ba da shawarar a kai Kano. Kawu Babba ya ce wa zai kai? Kawu Ƙarami ya ce shi ma tambayarsa ke nan, kuma wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya cikin wata bakwai. Na ce ana iya zaro kaset ɗin da hannu, sai dai akwai ɗan haɗarin zaren ya tsinke. Kalmar haɗari kawai suka ji. Aka yanke cewa ni zan gyara, tunda ɗan 'yar'uwa ne ni, ba ni da ko taku ɗaya a gonar, kuma a zauren gidanmu, da rana tsaka, a gaban su biyun. In ɗaya ya tashi alwala, in ajiye sukundireba har ya dawo.

Kafin in fara, Inna ta leƙo daga ƙofar cikin gida.

"Sanyi yake ji," in ji ta. "Da, in na shanya shi tare da kuɓewa daga hantsi zuwa azahar, ina jona shi zai tashi. Daga baya sai ya kai la'asar. Yanzu ko ya wuni ba ya yi."

Na ce, "Inna, a iya karatun da na yi, ban ci karo da na'urar da ke jin sanyi ba. Ban ce babu ba."

"To ba a gama koya maka ba," ta saki labule.

Na kwance murfin. A ciki na tarar da ƙura, da ƙwan kyankyaso, da ƙwallon dabino guda ɗaya wanda har yau ban san ta inda ya shiga ba. Na jona wuta. Ba abin da ya haska a gaba, sai wani ɗan sauti daga kusurwar da wayar wuta take shiga: ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar ƙadangare a kan kwano. A nan fanel ɗin wuta yake, ɗan allo mai faɗin tafin hannu biyu, kuma daga ganinsa na san akwai aiki. Da irin na tsohuwar rediyo ne, mai ƙaton taransifoma mai nauyi, da sauƙi. Wannan kuwa irin wanda muka yi wa zango guda ne a aji uku, wanda rabin ajinmu suka faɗi.

Kawu Babba ya ce in yi musu bayani, kada a yi wani abu a ɓoye. Na ce wutar bango tana shigowa da ƙarfi, sai a tara ta cikin wancan babban gwangwanin da ake kira kafasita. Daga nan wani taransisto yake yanyanka ta ƙanana-ƙanana, sau dubbai kafin ƙiftawar ido, yana miƙa wa ɗan ƙaramin taransifoma, shi kuma ya raba wa kowane sashe daidai cikinsa. Akwai kuma mai kai rahoto baya, in an yi yawa a rage, in an yi kaɗan a ƙara.

"Wato sari yake yi, yana sayarwa ɗai-ɗai," in ji Kawu Babba.

Na yi tunani, na ga ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba, har a bakin farfesa. Na ce kusan haka ne.

"To dillalin ne ya gudu," ya ce, yana kallon bango ta saitin ƙanensa. "An saba."

Na zare wayar daga bango. Babban gwangwanin yana riƙe wuta ko bayan an cire, wadda za ta iya jefar da mutum, wannan kam na riƙe shi da kyau domin tsoro ya taimaka mini. Na ɗauko ƙwan fitila mai wayoyi biyu na taɓa ƙafafunsa. Ƙwan ya haska fau, ya mutu. Kawu Ƙarami ya dubi wayar da ke yashe a ƙasa ba a jone ba, ya dubi ƙwan, ya yi ta'awwuzi a hankali, ya ja buzunsa baya da kamu biyu.

A gurbin fiyus na tarar wani ya naɗa zaren waya. Na nuna musu, na ce wannan ba daidai ba ne, fiyus mai gadi ne, an sallami mai gadi an ɗaura igiya. Suka dubi juna, kowa da fuskar wanda ya kama ɓarawo. Daga bayan labule Inna ta ce marigayi mijinta ne ya naɗa, in akwai mai magana ya yi. Ba wanda ya yi.

Kwana uku ina aune-aune da mita. Taransiston lafiya lau, a iya abin da mitata ta nuna. Na rubuta abubuwa goma sha ɗaya da ka iya zama sanadi, na jera su daga mai yiwuwa zuwa mai ɗan yiwuwa, na sake jera su daga mai haɗari zuwa marar haɗari, jerin biyu suka ƙi daidaituwa. Ban cire komai ba. Tsorona shi ne in canza abin da ba shi ne ba, in jona, wuta ta wuce ta ƙone sashen da ke karanta kaset, maganar Kaka ta tafi ta hannuna. A rana ta biyu hadari ya haɗu a gabas da yamma, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Inna ta tsaya tsakar gida tana kallonsa, ba ta ce mini komai ba, na gwammace da ta yi faɗa.

A ranar ce Kawu Babba ya tare ni a hanyar masallaci, ya kama hannuna ya ja ni gindin katanga.

"Ɗana, kada ka matsa wa kanka. Tsohon kaya ne. In ya ƙi, ba wanda zai zarge ka. Ni dai na san gaskiyata, amma lafiyarka ta fi mini gona."

Washegari bayan sallar asuba Kawu Ƙarami ya rage tafiya har na iso shi.

"Injiniya, na ga kana wahala. Abin da Allah ya rufe, ba lallai ne bawa ya nace sai ya buɗe ba. Ba don ina shakka ba, ka gane. Tausayinka nake ji."

Na gane. A zaure kowannensu yana rantsuwa kaset ɗin zai wanke shi, a waje kuma kowanne yana roƙon kada ya tashi. In ya mutu, kowa zai ci gaba da cewa da ya yi magana da an ji, su tafi kotu da ƙarfinsu. Mutum ɗaya ce a duk dangin take son akwatin nan ya tashi, ita ce kuma take dafa mini tuwo.

A rana ta huɗu na nemi izinin shaidu na tafi kasuwa wajen wani dattijo mai gyaran rediyo. Rumfarsa cike take da gawarwakin talabijin har rufi. Na gaishe shi, na zaro takardata na fara karanto masa. Ya bar ni na kai na uku.

"Injiniya, dakata. Yana ƙyas-ƙyas?"

Na ce yana yi.

"In ya sha rana yana tashi?"

Na sauke takardar. Na tambaye shi ko wani daga gidanmu ya riga ni zuwa.

"Ba wanda ya zo. Duk tsofaffin garin nan shanya nasu suke yi. Duba kusa da taransiston, akwai ɗan ƙaramin gwangwani kamar ƙwayar gyaɗa. Shi ke ba da wutar tashi. Akwai ɗan ruwa a cikinsa, shekaru suna busar da shi. In ya ji zafi sai ya ɗan farfaɗo ya yi aiki, zafin kuma yana ƙara busar da shi, har ranar da ba sauran abin farfaɗowa. Wa ya fara gaya maka maganar rana?"

Na ce mahaifiyata.

"Ita ya kamata a ba takardar."

Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan. Ina tsaye a rumfar na tuno zanen, layi yana gangarowa yayin da zafi yake hawa, a shafin dama na littafin aji uku. Tambayar ta fito a jarrabawa, na kuma ci ta. Ban taɓa zaton layin nan yana da wata alaƙa da tabarmar kuɓewar Inna ba. A jerina abin yana lamba ta tara.

Dattijon ya ciro mini ɗaya daga fanel ɗin wata dikoda da tsawa ta kashe tana sabuwa, ya ƙara mini biyu na ɓangaren fita, ya ce su ma in canza tunda sa'o'in juna ne, da fiyus na gaskiya. Ya ce in kula da farin layin da ke jikin kowanne, in na juya shi zai fashe mini a fuska a gaban kawunnaina. Ban gaya masa akwai kawunnai a maganar ba. Daura ce.

Da na dawo na ɗora ƙarfen narka dalma, na cire ɗan gwangwanin. Gindinsa ya kumbura, ya yi wani ɓawon gishiri. Ina shirin jefa shi cikin murfin kwalba, Kawu Ƙarami ya ɗaga hannu.

"Wannan da ka cire, ba maganar Baba a ciki?"

Na ce babu, magana tana jikin zaren kaset.

"Ka tabbata?"

Wannan tambayar ita ce raunina. Na ce a iya sanina babu hanyar da za ta shiga. Kawu Babba ya ce tunda a iya saninsa ne, a ajiye. Aka naɗe gwangwanayen uku a takarda, kowa ya duba ƙullin, aka miƙa wa Inna amana.

Na liƙa sababbin, na duba farin layin sau huɗu, na sake dubawa. Na sa ƙwan fitila a kan hanyar wutar, yadda in akwai matsala shi zai haska ya tare, maimakon fanel ya ƙone. Sai aka ɗauke wuta. Muka zauna mu uku muna kallon akwati a buɗe tun bayan azahar har aka kira la'asar. Muna dawowa daga masallaci aka kawo. Na yi bisimilla na jona. Ƙwan ya haska, ya dushe a hankali, ya koma ja kamar garwashi. Ba ƙyas. A gaban akwatin koren lambobi suka fito suna ƙiftawa, wani abu a ciki ya yi gurnani ya juya.

Na dubi kawunnaina. Ban taɓa ganin mutanen da aka yi wa albishir suka yi irin wannan fuskar ba.

Aka kinkimo tsohuwar talabijin, Inna ta fito ta zauna a bakin ƙofa da mayafinta. Na cire ƙwan, na jona kai tsaye, na mayar da kaset ɗin zuwa farkonsa, na danna.

Hoton ya yi rawa, ya yi layi-layi, ya tsaya. Ga gona bayan girbi, kara a tsaye. Ga Kaka cikin farar riga yana tafe da sandarsa, bai kai shekarun Kawu Babba na yau ba. Inna ta sa bakin mayafi ta rufe bakinta. Kaka ya isa gindin ɗorawa ya juyo, ya yi gyaran murya.

"To, ku matso ku ji. Sau ɗaya zan faɗa."

Sai wata murya ta saurayi, kusa da kyamara, wadda ba mai musun ta Kawu Babba ce: "Mai bidiyo, bar tsohon nan tukuna. Ɗauko mana babur ɗin."

Hoton ya juya. Sabon babur ja, ledarsa ba a cire ba, an ɗaura masa furen roba a kai. A bisansa wani siririn saurayi da baƙin tabarau da hula a karkace, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Sai da na dubi hancin sau biyu na yarda Kawu Ƙarami ne. Daga can baya muryar Kaka tana cewa, "Daga nan," sai saurayin ya danna hon. "Har zuwa can," ya sake dannawa, sau biyu, yana dariya. Mai bidiyo ya matso da hoton kan madubi, ya gangara kan tanki, ya daɗe a kan fitila. Da ya waiwaya, Kaka ya riga ya sauke sandarsa.

"Kun dai ji."

Muryoyi biyu suka amsa tare, "Mun ji, Baba."

Na tsayar da kaset ɗin. A waje wani mai ruwa ya wuce yana buga jarka.

"Injiniya," in ji Kawu Babba a hankali, "ba yadda za a ɗan karkato hoton, mu ga hannun?"

Na ce abin da ba a ɗauka ba, ba a ɗauka ba.

"Wannan za ku kai wa alƙali?" in ji Inna. Kafaɗunta suna rawa, ban iya rabe dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. "Ku kai. Ni ma zan je in zauna a gaba. Ina so in ga fuskarsa lokacin da Malam yake danna hon. A kira ɗalibansa ma su zo."

"Yaya, ba ni na ce a juya kyamara ba," in ji Kawu Ƙarami.

"Ni kuma ban hau ba," in ji Kawu Babba.

Can Kawu Ƙarami ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, in mayar baya kaɗan. Na zaci wurin hon yake so, ko za a tsinci wata kalma. Ya ce a'a, farko, inda Baba yake tahowa. Na mayar. Muka kalli Kaka yana ratsa kara da sandarsa har gindin ɗorawa, ya juyo, ya yi gyaran murya. Kawu Babba ya ce a sake. Sau uku muka kalla, duk lokacin da aka zo gyaran muryar sai in tsayar, ba wanda ya ce in wuce.

Kawu Babba ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Malam, wai babur ɗin nan ma ina ya ƙare?"

"Kai za a tambaya, Alhaji. Naka ne."

"Nawa ne, amma wa ya jefa shi kwalbati a hanyar Baure?"

"Birkinsa ne ba shi da kyau tun daga shago. Na gaya maka a lokacin."

"Birki ko tabarau? Mutum ya sa baƙin gilashi bayan magariba."

Suna kallon juna suke wannan, ido cikin ido, kowa yana kiran ɗan'uwansa kai tsaye. Inna ta tashi ta shiga ciki, na ji tana cewa a ƙara tsaki a tukunya, baƙin za su ci a nan.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana huɗu. Washegari muka shiga mota ɗaya zuwa Babban Mutum da damin saiwar gamba a but ɗin motar. Inna ba ta je ba, amma ta aiko da hukuncinta: a ja layi daga gindin ɗorawa, taku shida nan, taku shida can, kalwar ɗorawar kuma tata ce, ta daddawa. Ba wanda ya musa. Ba su da lokaci, domin tun daga tashar Daura suke kan maganar babur, har direba ya sa baki, wani fasinja ma ya ce ya tuna hatsarin, ko da yake daga baya ta bayyana wani babur ɗin yake nufi.

Muna cikin dasa gambar, ƙasa a jiƙe tana kama ƙafa, Kawu Babba ya miƙe ya dafa ƙugu.

"Injiniya, kai ne mai ilimi. Sabon babur, ledarsa ba a cire ba, birkinsa zai iya ƙin kamawa?"

Kawu Ƙarami shi ma ya tsaya da fartanya a hannu yana jira.

Na ce lantarki na karanta, birki ba fannina ba ne.